Filin Lafiyarku: Shan Antibayotik Don Kurajen Fuska, Har Zuwa Yaushe?

Tun da hunturun bana ya kama, wasiƙun da suka shafi kurajen fuska sun fi sauran yawa a wannan fili, kuma galibinsu daga mutanen da suka riga suka fara shan maganin kashe ƙwayoyin cuta ne, wato antibayotik, ba tare da wani ya gaya musu ranar dainawa ba. Na zaɓi huɗu daga cikinsu, dukkansu daga Jos da kewaye, na kuma cire sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce mai shekara 23, ina zaune a Unguwar Rogo. Tun ina aji huɗu na sakandare nake fama da kurajen fuska, jajaye masu zafi, wasu har da mugunya, kuma kowanne ya mutu sai ya bar mini baƙin tabo. Wata ƙawata ta ba ni sunan doksisaikilin, na saya a kemis ɗin layinmu, na sha wata biyu, fuskata ta yi sumul kamar ba ita ba. Da na daina, ba a yi wata guda ba suka dawo. Yau wata takwas ke nan ina sha ina dainawa, amma yanzu ko na sha ba na ganin canji. An sa ranar aurena nan da wata huɗu. Shin in ƙara yawan ƙwayar ne, ko in nemi wani maganin da ya fi ƙarfi?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya sanya alheri, ya kai mu lokacin lafiya. Kada ki ƙara yawan ƙwayar, kuma kada ki canza wani da kanki. Abin da ya same ki ya samu mutane da yawa, kuma tushensa shi ne an ba ki rabin magani a matsayin cikakke.

A ƙarƙashin fatar fuska da ƙirji da baya akwai ƙananan jakunkuna masu samar da maiƙo, wanda ke fitowa ta ƙofofin da gashi ke tsirowa. Idan mutum ya balaga, sinadaran balaga sukan sa jakunkunan nan su riƙa zubo maiƙo fiye da da, sai matattun ɓawon fata su haɗu da shi su toshe ƙofar. A cikin wannan toshewa wata ƙwayar cuta da dama can take zaune a fatar kowa, mai kuraje da marar kuraje, take samun wurin hayayyafa, jiki kuma ya mayar da martani da kumburi, da ja, da zafi, da mugunya. Abubuwa huɗu ke nan suka haɗu: yawan maiƙo, toshewar ƙofa, ƙwayar cuta, da kumburi. Doksisaikilin yana rage ƙwayar cutar, yana kuma kwantar da kumburin, shi ya sa kika ga fuskarki ta gyaru. Amma bai taɓa maiƙon ba, bai kuma buɗe ƙofar da ta toshe ba, saboda haka ranar da kika ajiye shi an kashe maciji ne ba a sare kansa ba.

Wannan ne dalilin da ya sa likitocin fata ba sa ba da antibayotik na sha shi kaɗai. Ƙa'idar da hukumar tsara hanyoyin magani ta Ingila ta fitar a 2021 ta ce a ba da shi na mako 12 tare da maganin shafawa, sannan a sake duba mai kurajen. Idan sun lafa a tsayar da na sha a ci gaba da na shafawa, idan kuma sun ragu amma da saura ana iya ƙara wasu makonni 12, kuma ba a wuce wata shida sai da dalili mai ƙarfi. Ƙungiyar likitocin fata ta Amurka ita ma a kan wannan hanya take, domin tana son a taƙaita shi zuwa wata uku ko huɗu. Ke kuwa kin yi takwas, babu na shafawa, babu wanda ya sake duba ki.

Rashin canjin da kike gani yanzu yana iya zama alamar cewa ƙwayoyin da ke fatarki sun fara bijire wa maganin. Duk lokacin da aka sha antibayotik, ƙwayoyin da ba su da ƙarfi ne ke mutuwa, masu taurin kai su rage su hayayyafa, kuma shan yau a daina gobe yana ba su sarari. Abin da ya fi damuna a nan shi ne ƙwayar da kika haɗiya ba ta san cewa don fuska kika sha ta ba. Tana shiga jini, tana ratsa hanji da maƙogwaro da gaba, ko'ina kuma tana barin ƙwayoyin da suka koyi jure mata. Doksisaikilin magani ne da muke dogaro da shi wajen wasu cututtukan da ake ɗauka ta saduwa, da kwalara, da wasu cututtukan ƙirji. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 ne suka mutu a duniya kai tsaye saboda ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani, kuma yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi ko'ina yawan mace-macen idan aka kwatanta da yawan jama'a, kimanin mutum 27 cikin kowane 100,000. Wanda ya taɓa tsayawa a kan gadon jariri mai zazzaɓi, ana canza allura bayan allura babu wadda ta kama, ya san cewa waɗannan alƙaluma mutane ne. Ba na so garin neman gira mu rasa ido.

Akwai kuma wata matsala da mata ba su cika faɗa ba sai an tambaye su. Doguwar shan antibayotik tana kashe ƙwayoyi masu amfani da ke kare gaban mace, sai ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri su biyo baya. Da yawa sukan ɗauka ciwon sanyi ne, su koma kemis a ƙara musu wani antibayotik ɗin, abin ya ƙara dagulewa, alhali maganin da ya haddasa matsalar ne ya kamata a tsayar.

Yanzu ga abin da nake ba ki shawara. Ki ajiye ƙwayar, ki tattara duk abin da kike shafawa a fuska, har sabulu da man da kike haɗawa, ki zuba a leda ki tafi da su wurin likita. Akwai masu duba cututtukan fata a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, kuma ko likitan da ba na fata ba ne zai iya fara miki magani ya tura ki gaba idan da buƙata. Na ce ki tafi da mayukan ne saboda da yawa daga mayukan ƙara hasken fata, da waɗanda ake sayarwa a bututu ana cewa suna maganin ƙaiƙayi da kuraje da makero gaba ɗaya, suna ɗauke da sinadarin sitiroyid. Shi wannan yakan lafar da ja na 'yan kwanaki, daga baya ya siranta fata, ya fito da ƙananan kuraje masu kama da juna birjik. Idan kina shafa irinsa, babu antibayotik ɗin da zai gyara miki fuska.

Abin da ya fi yiwuwa a ba ki shi ne maganin shafawa mai suna benzoyil feroksaid, mai ƙarfin kashi 2.5 ko kashi 5, wanda ke kashe ƙwayar cutar ta hanyar da ba ta iya koyon jure masa, ko kuma adafalin, wanda ke buɗe ƙofofin da suka toshe. Sau da yawa ana haɗa su biyun. Ana shafa kamar girman ƙwayar wake a dukkan wurin da kurajen ke fita, da dare, a kan busasshiyar fata. A makonnin farko fuska takan bushe ta yi ɗan raɗaɗi, musamman a sanyin Jos, don haka ki fara da kwana ɗaya bayan ɗaya, ki bi da man shafawa marar kauri. Ki kuma sani cewa benzoyil feroksaid yana cin launin tufa: na sha ganin hijabi mai ruwan toka da ya yi fari-fari a daidai haɓa, da rigar matashin kai da ta yi dabbare-dabbare. Ki ware masa tsohon tawul da farar rigar matashin kai.

Maganar aurenki kuwa dole ki faɗa wa likitan tun a zaman farko. Doksisaikilin da danginsa ba a ba mai ciki ko mai shayarwa, domin suna iya shiga ƙashi da haƙoran jariri su bar musu launi na dindindin. Adafalin ma ba a shafa shi da ciki ko lokacin da ake neman ciki. Wata huɗu ya ishe ki ki ga canji na gaske, domin waɗannan magunguna sukan fara nuna aikinsu cikin mako shida zuwa takwas, kuma kafin biki likita zai mayar da ke kan abin da ba ya cutar da ciki, kamar man azelayik asid, wanda kuma yake taimakawa wajen dushe baƙin tabon da kika ambata. Tabon nan ba ya jin antibayotik ko kaɗan. Yana dushewa ne a hankali cikin watanni idan aka daina matse kuraje, aka kuma kare fuska daga rana. Idan kuma al'adarki tana yin tsalle, ko gashi na fito miki a haɓa, ko kurajen sun fi taruwa a muƙamuƙi, ki faɗa, domin wannan yana nuna a duba sinadaran jikinki, kuma maganinsa daban ne.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni tela ne a wajen Taminus, shekarata 26. Likita ne ya rubuta mini doksisaikilin na wata uku tare da man shafawa. Ba na tashi daga shago sai dare, don haka ina shan ƙwayar ne idan zan kwanta. Kwana uku ke nan ina jin ciwo a tsakiyar ƙirji, ko ruwa na haɗiya sai in ji kamar an caka mini allura. Wani abokina ya ce in riƙa sha da fura da nono don ya rage zafin. Yaya zan yi?

Amsa: Barka kadai, Malam. Ka dakatar da ƙwayar daga yau ka koma wurin likitan da ya rubuta maka ita. Abin da ka kwatanta ya yi kama da ƙunar hanyar abinci, kuma sananniyar illa ce ta wannan magani. Idan aka haɗiyi kafso da ɗan kurɓin ruwa, ko da yawu kawai, aka kuma kwanta nan take, yakan maƙale a hanya kafin ya isa ciki, ya narke a wurin, ya ƙona ta har ya yi gyambo. Galibi yana warkewa cikin mako ɗaya zuwa biyu idan an tsayar da maganin, amma idan ka kasa haɗiyar ruwa gaba ɗaya, ko ka yi aman jini, ko bayan gida ya yi baƙi kamar kwalta, kada ka jira gari ya waye.

Idan ka warke likita ya ce ka ci gaba, ka riƙa sha da kofi cike da ruwa, kana zaune ko tsaye, tare da abinci, kuma kada ka kwanta sai bayan aƙalla rabin awa. A aikinka da ya fi sauƙi ka mayar da shi lokacin karin kumallo kafin ka hau keken ɗinki. Wannan gargaɗi ya fi muhimmanci a watan azumi, lokacin da mutum yakan haɗiyi magani a ƙarshen sahur, ya yi sallar asuba da sauri ya koma shimfiɗa. Mai azumi ya fi kyau ya sha shi bayan buɗe-baki, yana da sauran tarawihi a gabansa.

Shawarar abokinka da kyakkyawar niyya ya ba da ita, amma ba ta dace ba. Sinadarin kalsiyam da ke cikin nono da kindirmo yana riƙe magungunan wannan dangi a cikin hanji, ya rage yawan abin da ke shiga jini. Abin ya fi tsanani ga tsohon tetirasaikilin, wanda sai ciki babu abinci ake shan sa, amma doksisaikilin ma yana raguwa. Haka maganin ƙara jini mai sinadarin ƙarfe, da farin ruwan maganin olsa da ƙwannafi, suke yi masa, har ma fiye. Ba na hana ka furarka, sai dai ka sa tazarar awa biyu zuwa uku tsakaninta da ƙwayar.

Sai maganar rana. Doksisaikilin yana sa fata ta riƙa ƙonewa da wuri. Jos tana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, sanyin iskarta kuma yana ruɗar mutum ya daɗe a rana bai ji zafinta ba, alhali haskenta yana aiki a fatarsa. Baƙar fata tana da kariya, amma ba cikakkiya ba ce. Idan ka ga bayan hannunka ko goshinka ya yi zafi ya ƙara duhu bayan ka wuni a waje, ka sanar da likita.

Tambaya: Salamu alaikum. Ni uwa ce a Bukuru. Ɗana mai shekara 15 kuraje sun fara fito masa a goshi da hanci, ƙanana masu baƙin kai. Maƙwabciyata ta ce in fasa kafso mai ja da ruwan ɗorawa in kwaɓa garin da man shafawa, ko in saya masa Ampiclox ya sha ya wanke masa jini. Na kuma hana shi cin gyaɗa. Na yi daidai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Kin yi daidai da kika tambaya kafin ki saya. Kurajen da kika kwatanta toshewar ƙofofin fata ne kawai, babu kumburi a cikinsu, kuma irin waɗannan ba sa buƙatar antibayotik na sha ko kaɗan. Baƙin da kike gani a kansu ba datti ba ne, maiƙo ne da iska ta taɓa ya yi duhu, shi ya sa dirza da soso ba ya fitar da shi, sai ma ya tayar da kurajen. Jininsa ma lafiya lau yake, babu abin wankewa. Garin kafso ba a yi shi don fata ba, ba ya ratsa ta yadda ya kamata, abin da zai yi shi ne ya koya wa ƙwayoyin fatarsa jure magani tun yana ƙarami. Ampiclox kuwa ba ya cikin magungunan kurajen fuska.

Ya riƙa wanke fuska sau biyu a rana da sabulu marar ƙarfi, ya daina barin man gashi mai kauri yana gangarowa goshi, ki kuma nemi likita ko ƙwararren mai harhaɗa magani ya zaɓa masa benzoyil feroksaid ko adafalin. Gyaɗa ki bar shi ya ci. Abin da bincike ya fi nunawa da yatsa shi ne yawan kayan zaƙi da lemon kwalba, kuma ko su ɗin ba ga kowa ba. Wancan kafso mai ja da ruwan ɗorawa galibi tetirasaikilin ne, don haka ki ɓoye shi daga ƙannensa, domin ba a ba yaron da bai kai shekara takwas ba, saboda yana rina haƙoran da ke tsirowa, rinin da ba ya fita.

Tambaya: Likita, shekarata 29, ina koyarwa a wata makaranta a Rikkos. Nawa kurajen manya ne, suna zama a ƙarƙashin fata kamar maruru a kumatu da baya da ƙirji, suna daɗewa, idan sun fashe su bar rami. Sau biyu likita yana ba ni antibayotik na wata uku-uku tare da na shafawa, kuma na bi ƙa'ida, amma sauƙin kaɗan ne. 'Yan uwa suna cewa idan na yi aure za su tafi. Ko akwai sauran abin yi?

Amsa: Akwai, Malam, kuma lokacinsa ya yi. Ka yi abin da ya kamata, maganin ne bai kai ƙarfin ciwon ba, kuma zagaye na uku na antibayotik ɓata lokaci ne yayin da ramukan ke ƙaruwa. Baƙin tabo yana dushewa, amma rami ba ya cikowa da kansa, wasu ma a ƙirji da kafaɗa tabon nasu yakan kumbura ya yi tudu. Aure alheri ne, amma ba ya rage maiƙon fata. Abin da ya sa ake danganta su shi ne shekarun da yawanci ake aure su ne shekarun da kurajen mutane da yawa ke lafawa da kansu, naka kuwa sun wuce irin waɗanda ake jira.

Ka nemi a tura ka wurin likitan fata ka tambaye shi game da aisotiretinoyin. Wannan ba antibayotik ba ne, dangin bitamin A ne, an fara amfani da shi a Amurka a 1982, kuma shi ne maganin da ke ƙanƙantar da jakunkunan maiƙon kansu, ta haka yake taɓa dukkan musabbaban kurajen. Akan sha shi na tsawon watanni, yawanci huɗu zuwa shida ko fiye, ana auna shi da nauyin jiki, kuma da yawa daga waɗanda suka kammala sukan daɗe ba su sake ganin irin waɗannan kuraje ba. Amma magani ne mai sharuɗɗa. Yana busar da leɓe da ido da cikin hanci sosai, abin da hunturu zai ƙara tsanantawa. Ana gwada jini don duba hanta da kitsen jini, ana kuma lura da yanayin zuciyar mai sha, don haka idan ka taɓa fama da matsananciyar damuwa ka faɗa tun farko. Ba a haɗa shi da doksisaikilin ko danginsa, domin haɗuwarsu tana iya ɗaga matsin ruwan da ke cikin ƙoƙon kai, ta kawo ciwon kai mai tsanani da dishin gani. Ba za ka ba da gudummawar jini ba yayin da kake sha, har sai wata guda bayan ka gama. Kuma saboda yana nakasa jariri a ciki nakasa mai muni, ko ƙwaya ɗaya kada ka ba wata mace a gidanku don ta ga fuskarka ta gyaru. Idan za ka je, ka tafi da takardun magungunan da ka sha a zagaye biyun nan da kwanakinsu, domin da su likitan fata zai yanke shawara.